Shinkafar da Ta Riga Maigidana Magana

Ni mai girki ce, kuma mai gaggawa. A unguwar Bani Malik ta Jidda aka haife ni, a nan na gaji manyan tukwanen mahaifiyata da sana'arta ta dafa wa jama'a abincin biki da suna da rasuwa. Duk wanda ya yi wannan aikin ya san ba a jiran a ce maka ɗora. Da ka ji ƙishin-ƙishin ɗin taro sai ka jiƙa shinkafa. Haka na tashi, kullum ina gaban magana da taku biyu. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, takan ce ranar da aka raba haƙuri ni ina can gindin murhu ina hura wuta.

Maigidana kuwa da alama shi ya karɓi rabona ya haɗa da nasa. Gyaran famfo yake yi, abin da ake ce wa sabbak a nan Jidda. Ina bazawara ya zo gyara mini bututun ɗakin girki. Aikin da wani zai gama kafin azahar shi ya kwana uku a kansa, ina tsaye ina zuba masa mita, shi ko a jikinsa. Bututun nan har yau bai sake yoyo ba. Abin da ya fara ba ni dariya Hausarsa ce, irin ta kakata, tsohuwa tukuf, da ɗan Larabcin Sudan a gauraye. Da na tambaye shi mutumin ina ne, sai ya ce ai kakanninsa da nawa hanya ɗaya suka biyo. Duka da ƙafa suka baro ƙasar Hausa za su aikin hajji. Nawa suka ƙetare teku, nasa guzuri ya ƙare musu a waccan gaɓar, cikin ƙasar Eritriya, suka ce bari su yi noman damina ɗaya tukuna. Daminar ce ta kai har jikoki. A can aka haife shi, kuma da yaƙin kan iyaka ya tashi tsakaninsu da Habasha, aka ɗebe shi kamar yadda aka ɗebi duk saurayin da zai iya saɓa bindiga.

Iyakar abin da na sani ke nan lokacin da aka ɗaura mana aure. Sauran a jikinsa na riƙa gani. In muna tafiya a kasuwar Sharafiyya sai ya bi jikin bango ya ɗan duƙar da kai, shi da yake dogo sambal. Abinci a tsugune yake ci, cikin ƙiftawar ido, kuma wannan ne kaɗai abin da yake yi da sauri a duniya. In aka ba shi haƙan ramin bututu, ƙasar da ya fitar gefe guda yake tara ta, ya daddanna ta da bayan shebur ya daidaita, alhali an jima kaɗan mayar da ita zai yi. Nakan tsokane shi in ce wa zai harbe shi a Bani Malik in ban da ni da bakina. Sai ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa yake duƙawa.

Sai da muka shekara biyu na gano dabarar sa shi magana. Ba ya ba da labarin yaƙi yana kallon mutum. Amma in ya kwanta rigingine ya cusa kansa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ƙafafunsa kaɗai a waje, to bakinsa yakan buɗe. Allah ya yafe mini, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba da gangan nake tuttula ruwan kitse a magudana don ta toshe. Ya sani sarai, amma bai taɓa tona ni ba.

Daga ƙarƙashin nan na ji labarin ramin. Ya ce ba yaƙi ba ne irin wanda nake zato, na gudu da kora. Rami suka haƙa cikin dutse da diga, zurfinsa ya shanye mutum, tsawonsa kuwa sai ka yini kana tafiya a ciki ba ka ga ƙarshensa ba. Abokan gaba su ma sun haƙa nasu daura da su, kusa ƙwarai, har in iska ta juyo sukan ji ƙamshin gahwar da ake soyawa a can, kuma irin suyar da su ma suke yi ce. Tsakanin ramukan biyu fili ne fetal cike da nakiyoyi a binne, da wani ɗan tudu wanda ko akuya ba za ta yi sha'awarsa ba. A kan tudun nan aka ƙarar da samari. Da sassafe a ce wa waɗannan su fita su karɓe shi, su fita tululu, kafin rana ta take waɗanda suka rage sun rarrafo sun dawo inda suka baro. Bayan sati waɗancan su ma su fito, a yi musu yadda suka yi. Damina biyu ya yi yana kallon dutse ɗaya ta 'yar kafa ɗaya, ba gaba ba baya.

Ya ce mota takan kawo sababbin yara a zuba su a gurbin waɗanda suka tafi, har ta kai ba sa wahalar tambayar mutum sunansa sai ya yi sati a raye. Waɗanda suka faɗi a tsakiya kuwa nan suke zama, domin wanda ya fita ɗauko gawa shi ma gawa yake zama. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Ungulu su yi nasu, kuraye su ƙarasa. Su kuma suna ciki suna cin ɗan waken nan adas da shayi, suna taimama da bangon rami, suna salla a zaune. Duk wannan da muryar da yake ce mini miƙo sufana ya faɗa mini shi. Ni ce nake hawaye ina ɗora wa albasa laifi, wani lokaci ma babu albasar a gabana.

A cikin wannan ɓangaren ramin kaf, mutum biyu ne ke jin Hausa: shi da abokinsa na ƙuruciya, ɗan unguwarsu, wanda aka ɗebe su rana ɗaya. Abokin bai dawo ba. Ya bar amarya da ciki wata biyar, kuma ita ce matar da muke zuwa wurinta a unguwar Waziriyya.

Tun kafin aurenmu ya gaya mini akwai amana a wuyansa, in zan iya da ita to, in ba zan iya ba in faɗa tun da wuri. Bayan yaƙi matar ta ƙetaro Jidda da 'yarta, ta sami kafili, wato mai tsaya mata kan takardar zama, tana aiki a gidajen mutane, shara da girki. Shi ma da Allah ya ba shi ikon tsallakowa, ita ya fara nema. Duk bayan Juma'a biyu yakan ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi Waziriyya, ni ma sau da yawa nakan bi shi da 'yar miya a kwano. Ɗaki biyu ne a saman wani tsohon gini, amma na rantse babu gidan da famfonsa ya kai nata lafiya a faɗin garin nan. In ya rasa abin gyara sai ya kwance mai lafiya ya sake ɗaurawa.

Na so matar nan tun ranar farko. Siririya ce, mai tsabta, mai ƙarancin magana, kuma ita kaɗai ce za ta ce mini gishirina ya yi yawa in yi shiru. Yaya take ce mini, shi kuma ta ce masa Malam kamar yadda kowa ke faɗa. Abin da ke cin ta ba ɓoyayye ba ne. Da yaƙi ya ƙare aka aika wa iyalai takardun waɗanda suka rasu, tata ba ta zo ba, domin ba wanda ya ga gawarsa. Aka sako fursunoni, bai fito a cikinsu ba. Ta zauna ita ba matar aure ba, ita ba matar mamaci ba. Ba ta yi takaba ba, ba wanda ya zo mata gaisuwa, ba a yi masa sadaka ko ta dabino ɗaya ba. In ta ɗaga hannu ba ta san ko Allah ya ji ƙansa za ta ce ba ko Allah ya dawo da shi. Masu neman aure sun zo, mutanen kirki, ta sallame su da girma. Aka ce ta je gaban alƙali ya yanke hukunci tunda shekaru sun wuce ƙa'ida, ta ce ita ba za ta kashe mijinta da takarda ba.

Abin da maigidana ya gaya mata tun farko shi ne sun rabu a wani hari, bai sake ganinsa ba. Duk zuwansa, bayan ta ajiye masa shayi, takan tsaya daga baya ta ce, "Malam, ba wani labari?"

Shi kuma ya ce wa famfo, "Sai alheri."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har ni ma na saba, na mai da shi kamar gaisuwa. Yarinyar ce ta farkar da ni. Ta girma a nan, ta zama budurwa, Hausa tana ji amma Larabci ya fi mata sauƙi a baki. Wata rana tana rako ni kan matakala ta riƙo gefen mayafina ta ce ƙasa-ƙasa, "Khala, ana yatima walla la? In ana cika takarda ban san me zan ce ba." Wato ita marainiya ce ko ba marainiya ba. Na shafa kanta na sauko, raina yana tafasa.

Ranar ban tsaya toshe magudana ba. Muna shiga gida na tsare shi na ce ya gaya mini abin da ya gani da idonsa, ba ragi. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, sai ya je ya kwanta ƙarƙashin wurin wanke-wanken da lafiyarsa ƙalau. Daga nan ya ce wata safiya an fitar da su kan tudun nan, wuta ta yi yawa, aka ce a koma. Suna komowa abokin ya faɗi, taku arba'in daga bakin rami, a kan idonsa. Wata da watanni ba wanda ya iya taka wurin, daga baya kuma aka ɗauke su aka kai su wani fagen.

Na ce to ai ya rasu ke nan.

Ya ce, "Ban ga gawa ba. Shaida da ido ake yin ta. In na ce ya rasu, gobe kiyama aka tambaye ni na gani, in ce me?"

Abin da na gaggaya masa ranar ba duka zan iya rubutawa ba. Na ce shekara goma sha bakwai mutum ba ya kwanciya a fili yana hutawa. Na ce wannan tsantsenin nasa ya tsare mace da yarinya, shi yana wannan rami su suna wancan, kowa na jiran wani ya fara ɗago kai. Na ce gara a yanka mutum sau ɗaya da a riƙa yankarsa duk bayan Juma'a biyu da "sai alheri". Na ga ƙafafunsa sun ƙame, yatsun sun naɗe. Na san na taka inda bai kamata ba, amma ban janye ba. Can dai ya ce ya ji, ranar Juma'a bayan an sauko zai je shi kaɗai ya faɗa mata, in Allah ya yarda. Na ce Allah ya daɗe da yarda, shi ake jira.

To a nan ne halina ya yi halinsa. A Jidda akwai abincin da ba a dafa shi don marmari: shinkafa da hummus, waken nan mai kama da gurjiya, a dafa da nama a ajiye tahina, wato niƙaƙƙen riɗi, a gefe. Mutanen Hijaz abincin aza suke ce mata, wato zaman makoki, mu ma jikokin alhazai mun ɗauka ta zama tamu. In ka ga an shiga da ita gida a babbar siniya, wato tire mai murfi, ba sai an gaya maka komai ba, sai dai ka tambayi wa aka rasa. Ni kuwa na dafa ta wa mutanen da ban san ko fuskarsu ba, sau nawa ban sani ba. Na ce a raina gidan makoki ba ya ɗora tukunya, 'yan'uwa ke ciyar da shi. Da zarar Malam ya faɗa, maƙwabta za su cika ɗakin nan, kuma ba a gabana za a ce an zo wa ƙanwata gaisuwa an tashi da yunwa ba. Tun ranar Alhamis na jiƙa hummus ɗin na tura shi bayan tukwane inda ba zai gani ba.

Juma'a ta zo. Ya dawo daga masallaci ya sake riga, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana gyara takalmi. Na ga ya ɗauki jakar kayan aiki, ban kawo komai a raina ba, na ce sabo ne. Yana fita na ɗora. Na yi ƙiyasina: ya isa, ya sha shayi, ya yi 'yan kwane-kwanensa, duk nauyin bakinsa dai kafin la'asar magana ta fita. Na cika fulas biyu da gahwa, na ɗauki dabino, na sa baƙin mayafina na zuwa gaisuwa, na roƙi maƙwabcinmu mai 'yar motar ɗaukar kaya ya kai ni. A hanya har ina shirya kalaman da zan rarrashe ta da su.

Da muka isa babu kujeru a ƙofar gini kamar yadda akan jera in an yi rasuwa. Da na hau sama, takalmi ɗaya ne na maza a bakin ƙofa, kuma na san shi. Ba kuka, ba motsin mutane. Mai hankali da a nan ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa cewa na yi wataƙila ba a kai ga sanar da maƙwabta ba, faɗuwa ta zo daidai da zama, na zo a kan gaɓa. Maƙwabcin namu ya taya ni dire siniyar a bakin ƙofa ya juya, na ƙwanƙwasa.

Ta buɗe da fara'arta, hannunta duk gari. Ta ce, "A'a, Yaya, ashe kina tafe? Malam bai faɗa ba."

Ta bayan kafaɗarta na hango ƙofar ɗakin girki, ga ƙafafu biyu a miƙe daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Na buɗe baki zan ce ragowar aikin wani gida ce na kawo musu, amma wa ke kai ragowar wannan abincin gidan mutane, da baƙin mayafi, da fulas biyu na gahwa? Ƙamshin ma ya riga ni shiga. Ta sunkuya ta kama gefe ɗaya, dole na kama ɗayan, muka shigar da ita tsakar ɗaki. Ta ɗaga murfin. Matar da ta sha dafa wannan shinkafar da hannunta a gidajen da take aiki ba ta bukatar mai fassara.

Ta daɗe tana kallonta, tururi na dukan fuskarta. Sannan ta mayar da murfin a hankali, ta goge garin hannunta a jikin zane, yatsa bayan yatsa. Ba ta ko dube ni ba. Ta juya wajen ƙafafun nan ta ce, "Malam, fito."

Ya fito. Ya ga siniyar, ya gan ni, ban ga fushi a fuskarsa ba, kuma da fushin na gani da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye sufana, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa yana fuskantarta. Yarinyar ta fito ta tsaya a ƙofar ɗakin ciki. A iya zamana da shi, ranar ce ta farko da na ga ya yi maganar ramin nan a zaune, idonsa cikin idon mutum.

Ya ce, "Na gaya miki mun rabu a wani hari. Gaskiya ne, amma ba duka ke nan ba. Na ga faɗuwarsa. Kuma bai cika nan take ba."

Wannan ko ni bai gaya mini ba. Ya ce abokin ya yi ta kira daga inda yake kwance, da Hausa, saboda haka a duk ramukan biyu ba mai fahimtar abin da yake faɗa sai shi kaɗai. Ranar farko sunansa yake kira, yana cewa ya zo ya ɗauke shi, yana roƙon ruwa. A ranar mutum biyu suka fita ɗauko nasu ɗan'uwan, ba wanda ya dawo, hafsa ya rantse zai harbe duk wanda ya sake hawa sama. Ya ce amma kada ta ɗauka don hafsa ya zauna, tsoro ya ji. Ya riƙe goran ruwansa a hannu yini guda yana cewa yanzu zai fita, bai fita ba. Rana ta biyu muryar ta yi ƙasa. Safiya ta uku bai ji komai ba.

Ya ce, "Ban ga gawarsa ba, da wannan na fake shekara goma sha bakwai. In na ce miki ya rasu sai kin tambaye ni yadda na sani. Ki yafe mini, in kuma ba za ki iya ba ban ga laifinki ba."

Ina tsaye jikin bango da fulas ɗin gahwa a hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe mutumin da nake wa gorin nauyin baki wannan kayan yake ɗauke da shi yana hawa matakalar nan duk bayan Juma'a biyu. Ban taɓa jin tausayinsa da sonsa kamar a wannan lokacin ba, kuma ban isa in matsa kusa da shi ba.

Ita kuwa ta ɗago ta dube shi. Da ta yi magana, ba zancen yafiya ta yi ba. Ta ce, "A rana ta biyun, me yake cewa?"

Ya ce, "Ya daina kirana. Kalmar shahada yake ta maimaitawa, iska na kawo mini, ta yanke ta dawo. Ni ma ina amsa masa daga cikin rami da iyakar muryata, don ya san akwai mai ji."

"Da kunnenka ka ji?"

"Da kunnena."

Ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe ba shi kaɗai ya cika ba." Ta ɗaga hannuwanta biyu ta ce Allah ya ji ƙansa, muka ce amin. Sai a lokacin kukan ya zo mata. Yarinyar ta faɗa jikinta, ni na ajiye fulas na rungume su duka biyun, shi kuma ya sa fuskarsa cikin tafukansa, kafaɗunsa na girgiza. Kukan ne ya kira maƙwabta, ba wanda aka aika.

Kafin magariba ɗakin ya cika, an jera kujeru a ƙasa don maza. Wasu suna tambayar yaushe aka yi rasuwar, in aka gaya musu sai su sake yin gaisuwar da kyau. Shinkafata dai ba ta yi kwantai ba, har sai da na koma na ƙaro washegari. Maza suka yi masa sallar gawa ta wanda ba ya nan a ɗan masallacin unguwar, maigidana a sahun gaba. A hanyarmu ta komawa gida na yi abin da ban saba ba, na ba shi haƙuri, na ce gaggawata ce ta tona masa asiri a gaban mutane. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce da na jira shi, da yanzu yana can yana kwance wani famfon.

Rana ta uku wani dattijon malami na unguwar ya zo gaisuwa, ya zauna daga bayan labule. Mata suka tambaye shi yadda za a yi da takaba. Ya ce ai daga ranar rasuwa ake fara ƙirga, ba daga ranar jin labari ba, saboda haka tata ta ƙare tun yarinyar nan tana goye. Halas, babu komai a kanta, ko gobe ta ga dama ta yi aure. Ni har na fara tuna wa ya rage bai yi aure ba cikin masu nemanta na da, da irin abincin da zan dafa.

Ta gyara zama ta fuskanci labulen. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, na ji, na gode. Amma kowace mace akan ba ta wata huɗu da kwana goma ta zauna saboda mijinta. Ni ban sami nawa ba. Kada a ce mini sun zo sun wuce ban sani ba."

Malamin ya yi gyaran murya ya ce shi dai ya faɗi hukunci, ba wajibi ba ne a kanta, amma ba shi zai fitar da mace daga ɗakinta ba.

Ta sa hannu ta cire 'yan kunnenta, ɗaya bayan ɗaya, ta sa wa 'yarta a tafin hannu ta rufe mata yatsu a kansu. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki.